Bayan an harbi ɓaunar Amurka, wa zai ci naman?

Harbin kansa ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu. Maharbi ya ɗora bindiga a kan sanda, ɗan jagora na gefensa yana raɗa masa ya ƙara sauke hannu, domin tozon dabbar yana ruɗin ido, zuciyarta kuwa can ƙasa take, dab da hammata. Bindiga ta tashi, bijimin ya yi 'yan taku ya durƙushe. Sauran garken ba sa watsewa kamar barewa. Sau da yawa sukan kewaye wanda ya faɗi suna shinshinarsa, wani ma ya sa ƙaho yana tunkuɗarsa, sai an shigo da mota an kora su. Daga nan a gyara kan, a goge jinin hanci, a ɗauki hoto. Wannan hoton ne duniya ke gani. Abin da ke gaban mutanen nan kuwa shi ne kilo 800 ko 900 na tsoka da ƙashi da fata da tumbi, kwance da zafinsa a kan dusar ƙanƙara, rana tana shirin faɗuwa, gari kuma yana da nisa.

Dabbar da nake magana a kanta ita ce wadda Turawa ke kira bison, mutanen Lakota, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, kuma suke kira tatanka. Da ita da ɓaunarmu ta Yankari dangantakar ta nesa ce, amma ba mu da sunan da ya fi kusa, don haka ɓaunar Amurka zan kira ta. Ita ce dabbar tudu mafi girma a Arewacin Amurka. Bijimi yakan kai kilo 900, mace kuma wajen 450, kuma duk da wannan nauyi tana gudun da ya kai kilomita 55 a awa.

Na daɗe ina bin labarin wannan farauta, kuma abin da na fahimta shi ne naman ɓauna ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya fi ƙarfin gida ɗaya. Duk al'ummar da ta rayu da wannan dabba ta san haka, ta kuma gina tsarinta a kai. Matsalar maharbin yau ita ce ya sayi farautar shi kaɗai, da katin bankinsa, sannan ya tarar da aikin da tun asali na gayya ne.

Kafin ƙarni na 19 ana ƙiyasta cewa ɓauna miliyan 30 zuwa 60 ne ke yawo a filayen ciyawa daga Kanada har Meksiko. Bayan 1871, da majema suka gano yadda za su jeme fatar ta zama mai amfani ga masana'antu, kuma layin dogo ya ratsa filayen, sai maharba 'yan kasuwa suka yi musu dirar mikiya. Fata suke so, wani lokaci da harshe, wanda ake sa wa gishiri a zuba a ganga. Sauran naman a bar wa kyarkeci da tsuntsaye. Garken kudu ya ƙare kafin 1880, na arewa ya bi shi a 1883. Majalisar dokoki ta amince da dokar kare dabbar a 1874, Shugaba Grant bai sa hannu ba, kuma akwai manyan sojoji da jami'ai da ke ganin ƙarewarta ita ce hanyar tilasta wa 'yan asalin ƙasar su ajiye makami. Da nama ya ruɓe, sai aka koma tsintar ƙasusuwa ana sayarwa don yin taki da tace sukari. A 1889 abin da masanin dabbobi William Hornaday ya iya ƙirgawa bai wuce 1,000 da 'yan kai ba. Garken gandun dajin Yellowstone ya ragu zuwa kamar 24 a 1902.

Na kawo wannan tarihi ne saboda shi ke bayyana zafin da Amurkawa ke yi a kan barin nama a daji. A jihar Alaska, dole maharbi ya kwashe naman cinyoyi, karfata, wuya, haƙarƙari, ƙirji da gadon baya, kuma bai isa ya fitar da ƙaho daga daji ba sai nama ya riga shi fita ko su fito tare. Wanda aka samu ya bar ko cinyoyin baya bai kwasa ba, mafi ƙarancin hukuncinsa kwana 7 a kurkuku da tarar dala 2,500. Wannan doka ta burge ni, domin ta fahimci zuciyar ɗan Adam: in ka bar shi ya fara ɗaukar abin ado, komawa ta tara don ɗauko haƙarƙari za ta yi masa nauyi.

Yau adadin ya farfaɗo zuwa wajen 400,000 ko sama da haka, kuma tun 2016 ita ce dabbar da Amurka ta ɗauka a matsayin alamar ƙasa cikin masu shayarwa. Sai dai mafi yawansu a gandun kiwo na 'yan kasuwa suke, cikin shinge. Waɗanda ake tsarewa a matsayin namun daji 'yan dubbai goma-goma ne. Saboda haka idan aka ce "farautar ɓauna", abubuwa ne mabambanta suke amsa suna ɗaya.

Akwai ta ainihi, wadda ƙuri'a ke bayarwa. A tsaunukan Henry na jihar Yuta akwai garke mai yawo ba shinge, wanda ya samo asali daga ɓauna 18 da aka kawo daga Yellowstone a 1941, kuma lasisin farautarsu sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa. Garken Delta Junction a Alaska ya fara da 23 da aka kawo daga Montana a 1928, dubban mutane ke neman lasisinsa kowace shekara, kaɗan ke samu. A 2021, da hukumar gandun Grand Canyon ta nemi mutum 12 su taya ta rage garke, sama da 45,000 ne suka nema. Akwai kuma ta gandun gwamnati irin na Custer a Dakota ta Kudu, inda ma'aikatan gandun ke raka maharbi zuwa ga tsofaffin bijimai da suka haura shekara 10, da ta ƙabilun 'yan asalin ƙasar da ke sayar da izini a yankunansu. Sannan akwai wadda ta fi yawa, ta gandun kiwo, inda mutum zai biya 'yan dubban daloli, a ɗauke shi a a-kori-kura, a nuna masa dabba, ya harba.

Wannan ta ƙarshe ita ake ta jayayya a kanta. Ƙungiyar maharba ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa da abokansa a 1887, ba ta karɓar dabbar da aka kashe a shingen da ba ta da mafita cikin kundin bajintarta. A ganina suna da gaskiya, amma ban ga abin kunya a cikin aikin ba in an kira shi da sunansa. Yanka ne a fili, da harsashi. Ɓauna ba ta jure kamu da lodi a mota kamar saniya, takan firgita ta ji wa kanta rauni, don haka faɗuwa nan take tana cikin kiwo ya fi mata sauƙi a kan tafiyar awoyi zuwa mayanka. Inda nake jin ɓacin rai shi ne mutum ya sayi nama ya dawo yana ba da labarin jarumtaka.

Ko wace iri ce, da zarar dabba ta faɗi, abokin gaba ɗaya ne, wato zafin jikinta. Mutane da yawa suna ɗauka tunda ana sanyin da ruwa ke daskarewa, nama ba zai lalace ba, har a ce a bar shi sai da safe. Nan ake yin asara. Allah ya halicci ɓauna da gashi mai kauri da fata mai nauyi, ta yadda dusar ƙanƙara kan sauka a bayanta ta zauna ba ta narke ba. Wannan rigar da ke hana sanyi shiga tana da rai, ita ce ke hana zafi fita bayan ta mutu. A ciki kuma tumbi na ci gaba da aikinsa, ciyawa na tsami tana fitar da iska da ƙarin zafi, ciki na kumbura. Gefen da ke kwance a ƙasa bai samun iska ko kaɗan, dusar da ke ƙarƙashinsa ma bargo take zame masa. Lalacewar kuma daga ciki take farawa, daga wuraren da tsoka ta fi kauri a jikin ƙashi: wuya, tozo, da mahaɗar cinya. Kana iya ganin nama jawur a waje, ka tsaga zuwa ƙashi wari ya buge ka, launin ya koma kore-kore. Duk mahaucin da ya taɓa barin sa ya kwana da fatarsa ya san wannan warin.

Shi ya sa jagora na ƙwarai, hoto na ƙarewa yake zare wuƙa. Ga yadda abin yake a kusa. Mutum biyu ba sa iya juya bijimi, sai an ɗaura igiya a ƙafa an ja da mota ko doki. Gashin goshi da na wuya cike yake da ƙasa, domin dabbar tana birgima a turɓaya, wuƙa kuwa tana taɓa shi take dakushewa, don haka daga ciki ake tsaga fata zuwa waje, kuma akwai mai wasa wuƙa a gefe. Inda tarakta za ta iya shiga, a ɗaga dabbar sama, a zubar da kayan ciki, a feɗe, a kai ɗakin sanyi cikin awa biyu ko uku. Inda ba hanya, kamar tsaunukan Yuta, sai a bi dabarar da ba a fara buɗe ciki: a feɗe gefe ɗaya, a cire karfata da cinya, a zare naman gadon baya, a yanke na wuya da na haƙarƙari, a zuba kowanne a buhun yadi mai shan iska, a rataye a bishiya, sannan a juya a maimaita. Leda ba ta shiga wannan aiki, tana riƙe zafi da gumi. Burin shi ne tsakiyar naman ya sauka ƙasa da digiri 4 da wuri. Awoyi ake shafewa, galibi da fitilar goshi, hannu na ciki yana ɗumi, yatsun ƙafa na daskarewa.

Idan ni ne zan biya kuɗin jagora, ba zan dame shi da tambayar girman ƙaho ba. Zan tambaye shi mutum nawa zai zo da su ranar fiɗa, awa nawa tsakanin filin da ɗakin sanyi, kuma wane mahauci ne ya riga ya ba mu rana. Ƙananan mahautan karkara a can sukan cika maƙil a watan Nuwamba da naman barewa, wanda bai kama layi tun da wuri ba sai ya rasa ƙugiyar rataya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai lissafi. Bayan an cire kai, fata, ƙafafu da kayan ciki, abin da ke rataye a ƙugiya ya ɗan haura rabin nauyin dabbar. Bayan an zare ƙashi kuma, babban bijimi yakan ba da tsoka wajen kilo 300, mace kamar rabin haka. Wanda zai fito da kilo 300 a bayansa, yana ɗaukar 35 kowace tafiya, sau tara zai je ya dawo, ban da kai da fata. Wanda ya zo a jirgi, jaka 13 ke nan masu kilo 23, kuma busasshiyar ƙanƙarar da ake yarda fasinja ya shiga da ita ba ta wuce kilo biyu da rabi ba. Shi ya sa za ka ga wasu sun tuƙo kwana biyu da firiza da janareto a bayan mota. A gida kuma sai firiza mai cin lita 500 ko kusa da haka, babu komai a ciki.

To an kai gida, wa zai ci? Matsakaicin gida a Amurka bai kai mutum uku ba. Ko rabin kilo suke ci kullum ba fashi, kwana 600 ne kafin su ga ƙasan firiza. Hukumar noma ta ƙasar kuwa tana cewa nama a daskare ba ya cutarwa komai daɗewa, amma daɗinsa na raguwa: yankakken nama wata 4 zuwa 12, niƙaƙƙe wata 3 zuwa 4. Tsohon bijimi mai ƙaton ƙaho, wanda shi aka fi biya wa kuɗi, namansa tauri gare shi, rabinsa ko fiye a injin niƙa yake ƙarewa, wato nau'in da ya fi saurin gajiya a firiza. Ga shi naman ba kitse, in aka gasa shi kamar na sa sai ya bushe, har wasu kan haɗa niƙaƙƙen da kitsen saniya. Wanda nama ya kai shi, mace ko ɗan bijimi mai shekara biyu zuwa uku ya kamata ya nema. Ƙaho da daɗin nama ba sa zama a jikin dabba ɗaya.

Firiza ma amana ce mai rauni. Wata Babbar Sallah, a gidanmu, mun ƙi soya rabin naman kamar yadda mahaifiyata ta saba, muka ce zamani ya zo, muka cusa a firiza. Wuta ta ɗauke kwana uku muna ƙauye. Ranar da muka dawo, tun daga zaure muka ji. Ba ta yi faɗa ba, ta tsaya tana kallon ana kwashewa a buhu, ta ce da an aika wa maƙwabta da yanzu yana jikin wani. Naman rago ɗaya ke nan. Har yau in na karanta labarin wanda firizarsa ta mutu a gareji da kilo 200 a ciki, fuskarta nake gani.

Sayarwa kuma ba mafita ba ce. Naman dabbar daji da aka farauto haramun ne a sayar da shi a Amurka, wannan ma darasi ne daga zamanin maharba 'yan kasuwa, kuma dokar Lacey ta 1900 ta sa ƙetare iyakar jiha da naman da aka samu ba bisa ƙa'ida ba ya zama laifin tarayya. Naman ɓauna da ake gani a kanti na kiwo ne, wanda aka yanka a gaban mai duba lafiyar nama. Abin da ya rage wa maharbi shi ne ya ci ko ya bayar. Jihohi da yawa suna da shirin da maharba ke kai nama ga mahauci, a niƙa, a miƙa wa rumbunan abincin mabuƙata.

Mutanen da suka riga kowa sanin ɓauna sun warware wannan matsala ba da wutar lantarki ba. A Alberta ta Kanada akwai wani gangaren dutse da ake kira Head-Smashed-In, inda aka shafe sama da shekara 5,000 ana koro garke yana faɗowa, a ƙasansa kuma akwai sansanin fiɗa da shanya da dafa ƙashi don fitar da mai. Nama kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Mata sukan yanyanka shi falle-falle, su shanya a kan sanduna, kamar dai yadda masu kilishi ke shimfiɗa nasu a rana. In ya bushe a daka shi ya yi laushi kamar dambun nama, a kwaɓa da narkakken kitse, wani lokaci da 'ya'yan itace busassu, a ɗura a jakar fatar dabbar a ɗinke. Wannan shi ne pemikan, kalmar daga harshen ƙabilar Kiri (Cree) take. Jaka ɗaya kan kai kilo 40, tana kuma yin shekaru ba ta lalace ba.

Darajarsa ta kai har an zubar da jini a kansa. Shi ne guzurin matuƙa kwalekwalen kamfanonin fatu, kuma da gwamnan mazaunin Turawa na Red River, a Kanada ta yau, ya hana fitar da shi a 1814, rikicin ya kai ga faɗan Seven Oaks a 1816, inda mutum sama da 20 suka mutu. Al'ummar Meti, ruwa-biyun Turawa da 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka fi kowa wannan sana'a, a gayya suke fita babbar farautarsu. A fitar 1840 an ƙirga amalanke 1,210 da mutum 1,630, har da mata da yara. Suna zaɓen shugabanni, suna da doka: ba mai sukuwa kan garke sai an ba da umarni. Su ma ba su tsira daga ɓarna ba, in an kashe fiye da abin da hannu zai iya shanyawa kafin ya lalace. Amma dubi tsarin tafiyar: masu harbi kaɗan ne a kan masu fiɗa, yanka, shanya da daka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu da muka san watanda ba ma buƙatar dogon bayani. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa, kowane kaso da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan hanta da tumbi, kafin azahar an watse, babu abin da ya kwana. Maharban Amurka masu hankali abin da suke yi ke nan ba su san sunansa ba: gida huɗu su haɗa kuɗin dabba ɗaya, ɗaya ya harba, duka su yi fiɗa. Ƙabilun da suka dawo da garkunansu sun fi kowa riƙe wannan. Majalisar da suka kafa a 1992 don farfaɗo da ɓauna a ƙasashensu tana da ƙabilu sama da 80 a yau, kuma naman da suke yankawa yana zuwa gidajen tsofaffi, kicin ɗin makarantu, da wuraren biki da zaman makoki. A wurinsu harshe, hanta, tumbi da ɓargo abinci ne mai daraja, ba abin da za a bari a fili ba, kamar yadda baƙin maharba da yawa ke yi.

Ba zan ce komai na tafiya daidai a can ba. A bakin iyakar Yellowstone ta arewa, kusa da garin Gardiner, akwai wani ɗan kwari da ake kira Beattie Gulch. In sanyi ya yi tsanani garken yakan fito daga gandun neman ciyawa, jihar Montana kuwa ba ta son su yi nisa, saboda wasunsu na ɗauke da cutar ɓarin ciki da makiyayanmu ke kira bakkale. Sai aka matse farautar a ɗan ƙaramin wuri. Ƙabilu irin su Nez Perce da Salish da Kootenai suna da haƙƙin farauta a nan bisa yarjejeniyoyin da suka ƙulla da gwamnatin Amurka a 1855, haƙƙi ne kuma na gaskiya wanda aka daɗe ana danne musu. A sanyin 2022 zuwa 2023 an harbe sama da 1,000 a yankin. Naman ya tafi gidaje masu buƙatarsa, wasu a nisan ɗaruruwan kilomita. Kayan ciki kuwa sun taru tsibi-tsibi kusa da gidajen mutane, kuma tun kafin wannan shekarar wasu mazauna wurin sun kai ƙara kotu. Laifin, a ganina, yana kan tsarin da ya hana dabbar fili, ya cusa maharba da yawa a lungu ɗaya. Cutar bakkalen kuma tana kama mutum, shi ya sa ake gargaɗin mai fiɗa ya sa safar hannu, kada ya fasa mahaifa, ya kuma dafa naman sosai.

Tun 2019 an buɗe wata hanya a gefen wannan. Ana killace wasu daga cikin garken na tsawon lokaci ana gwada jininsu, waɗanda aka tabbatar ba su da cutar a ɗauke su da ransu zuwa ƙasar ƙabilun Fort Peck a gabashin Montana, daga can a rarraba wa wasu ƙabilu, har Alaska. Ɗaruruwa sun bi wannan hanya. A inda suka sauka, ranar da za a yanka ɗaya, jama'ar garin ne ke sa ta, kuma sunayen gidajen da za a kai wa kaso suna hannu tun dabbar tana tsaye tana kiwo.